Ranar da Bawana Ya Ba Ni Haƙuri

Ni Bafulatana ce, haifaffiyar Yola, saboda haka duk Babarbaren da ke yawo a doron ƙasa bawana ne. In ka tambayi Babarbare zai ce maka ƙarya nake yi, ni ce baiwarsa, kuma kakana ma da igiya aka ja shi zuwa Borno. Haka muka taso muka tarar. Ba wanda ya san ranar da aka fara wannan wasa tsakaninmu da su, kuma doka ɗaya ce a cikinsa: ba a fushi. A kasuwar garinmu na taɓa ganin Babarbare mai sayar da bandar kifi ya tsayar da wani alƙali Bafulatani, ya ce ya zo ya ɗauke masa kwando. Alƙalin ya ce tun yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa. Aka yi dariya, alƙali ya sayi kifinsa ya wuce.

Na je Doha karatun digiri na uku a fannin ƙwayoyin cuta. Kwanana tara a garin ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai ta waya. Ranar da aka kai ni ɗakin gwaje-gwaje, wanda kowa ke ce wa lab, na tarar da wani dogon dattijo baƙi cikin farar rigar aiki yana jera kwalabe, ga tsagen Barebari raɗau a fuskarsa. Shi ne ma'aikacin da ke kula da injina da kayan aiki. Ya dubi katin da ke rataye a wuyana, ya dubi hancina, sai ya ajiye kwalbar da ke hannunsa.

"A'a. Ke kuma wa ya sayar da ke har nan?"

Na ce na zo duba bayina ne, an gaya mini ɗaya ya gudo ƙasar Larabawa yana wanke kwalabe. Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Ni kuwa wani abu da ya tokare mini ƙirji tun daga filin jirgi ya faɗa.

Tun daga ranar, in maganar arziki ce Baba nake ce masa, in ba haka ba bawana. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin. Shi ya nuna mini shagon da ake samun kuka da daddawa, da bas ɗin da zan hau daga unguwarmu ta Al-Sadd, da yadda ake bi da mutanen ofis in takarda ta maƙale: ba a ɗaga murya, ana dai komawa kullum har su gaji da ganin fuskarka. Iyalinsa suna Maiduguri, 'ya'yansa da na ƙaninsa da ya rasu, duk a wuyansa. Shi kuma ɗaki ɗaya yake kwana da wasu mutum biyu a unguwar Mesaimeer. Wurin aikinmu shi ne kafil ɗinsa, wato su suka tsaya masa ya zauna a ƙasar. In aikin ya tafi, takardar zama ta bi shi, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ɗaukarsa.

A shekarata ta biyu aka kawo mana sabuwar shugabar lab. Baƙar fata ce daga Ingila, kakanninta mutanen tsibiran Karibiyan. Mace ce mai tsari, ba ta da son kai, kuma ina ganin girmanta har gobe. Ita ta kafa doka cewa a cikin lab ba a magana da kowane harshe sai Turanci. Dokar tana da dalili. Indiyawa suna nasu yaren, 'yan Filifin suna nasu, Misirawa suna Larabci, har wata rana wani ya zubar da ruwan guba a ƙasa ya yi gargaɗi da yarensu, na kusa da shi bai gane ba ya taka. Muka bi doka. Sai dai bakin Baba ba ya iya wuni bai tsokane ni ba, don haka ya kwashi wasan ɗungurungum ya mayar da shi Turanci. Ni ma na bi shi. Tun a lokacin kunnena ya ji abin ya canza, kamar mutum ya fita titi da kayan da yake sawa a tsakar gida.

Ranar Talata ce, cikin watan Agusta, irin zafin nan da in ka sauko daga mota tabarau ɗinka yake rufewa da raɓa. Na shiga lab da safe na buɗe na'urar da nake renon ƙwayoyin da nake bincike a kansu, na tarar ruwansu ya gurɓace ya yi fari-fari. Aikin mako shida ya tashi a banza. Kafin in gama haɗiye wannan, ga saƙon malamin da ke duba aikina yana tambaya ina sakamako. Ni kuma zuciyata a kusa take, gadon ubana ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Ina tsaye ina kallon kwalaben nan sai ga Baba ya turo ƙofa da ƙafa, rungume da ƙaton kwali.

"My slave, come and carry your master's load."

Wato baiwata, zo ki ɗauki kayan ubangidanki. Da a ce da Hausa ya faɗa, da na ce masa tafi can tsohon bawa, yau ba na jin ka, kuma ko a haka wasan bai mutu ba, don a Hausa har ɓacin rai yana da wurin zama a cikinsa. Amma Turanci ne a bakina, kuma Turancina na lab ne, ba shi da kwana-kwana. Na ce masa ya daina, na gaji da wannan abin. Na cire safar hannu na jefar, na fita ina hawaye. Ban san shugabar tana tsugune a bayan firji tana duba lambobi ba.

A baranda ta same ni. Ta miƙo mini takardar share hawaye, ta tambaye ni tun yaushe yake gaya mini haka. Na ce tun ranar da na zo. Ta ce kullum? Na ce kusan kullum. Ta tambaya ko na taɓa gaya wa wani, na ce a'a, a bar shi kawai, haka yake. Duk gaskiya na faɗa, kuma hankalina yana kan ƙwayoyin da suka lalace, ba kan tambayoyinta ba. Ta dafa kafaɗata ta ce in je gida in huta. Na tafi ina ma jin daɗin yadda ta kula da ni.

Washegari Baba bai zo aiki ba. Wajen ƙarfe goma saƙo ya shigo mini daga ofishin kula da ma'aikata. An dakatar da shi, kwamiti zai zauna ranar Lahadi da safe, tunda a can Lahadi ce farkon mako, ana so in rubuta bayanin abin da ya faru, kuma kada in yi magana da shi kafin ranar. Laifin da aka rubuta shi ne cin zarafin ɗaliba da kalmar wariya. Na san hukuncin wannan a wurin, kora ce. Na karanta sau uku, sannan na gane da bakina na ɗaure shi.

Na ruga ofishin shugabar ban ko ƙwanƙwasa ba. Na ce mata wasa ne, "a joke". Ta sa ni na zauna. Ta ce kusan duk macen da ta taɓa zama a kujerar nan kan irin wannan magana da kalmar nan take farawa, don tana tsoron abin da zai biyo baya. Ta ce in wasa ne, me ya sa ni kuka? Na ce ƙwayoyina ne suka lalace. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai yarda ba, ta ce in rubuta duk abin da nake so kwamiti ya sani. Na fito ina jin haushinta, ina jin haushin Turanci, ina jin haushin kaina fiye da kowa.

A Al-Sadd ina zaune da wata nas 'yar Jos, Kirista, mai baki kamar reza. Ranar Juma'a take zuwa coci a Mesaimeer, tunda ita ce ranar hutu, don haka na roƙe ta in an tashi ta biya ta wurin Baba. Ni aka hana, ba ita ba. Da azahar ta dawo ta ajiye jaka, na matsa mata da tambaya. Ta ce ta same shi ya sayo manyan jakunkuna biyu yana ninke kaya. Bai gaya wa iyalinsa ba tukuna. Ya ce kada in damu, abin da Allah ya rubuta ba makawa.

"Da me kuma ya ce?"

"Ya ce a gaida Malama."

Tun da na san shi, bai taɓa kirana haka ba.

Muka zauna a falo da kwamfuta da ƙamus muna neman kalma. Bayanin da zan rubuta yana buƙatar suna ga abin da ke tsakanina da Baba, kuma dole sunan ya zama na Turanci. "Joke" ya riga ya mutu a ofishin shugabar. Na ce to "teasing". Nas ta ce wannan zolaya ce ta gefe ɗaya, babba yana tsokanar ƙarami, kuma in dattijo ne yake yi wa yarinya mace, to ƙara masa laifi na yi ban rage ba. "Kidding" kuwa shi ne abin da ake faɗa in an ga fuskar mutum ta canza ana so a janye magana. Na ga wani wai "pulling your leg", ta ce in na rubuta cewa tsoho yana jan ƙafata, ko Lahadin ba za su jira ba. Dariya ta so kuɓuce mini, na haɗiye ta don haushi. "Sarcasm" gatse ne, gatse kuwa da ƙaya a cikinsa. "Mockery" ba'a ce ta raini. Na daɗe a kan "wit" don ta yi mini kyau a baki, sai na gane yabo ne ga mai kaifin magana, ba ruwanta da wanda aka yi wa. Akwai ma wani "roast", wai a gasa mutum da baki a gaban jama'a da yardarsa, a tashi a watse. Nas ta ce wannan dai mu ake yi wa yanzu, amma ba da yardarmu ba.

Abin da ya ba ni mamaki, Turancin ba talauci ne da shi ba. Kalmomin suna da yawa, sun ma kusa kamo namu, mu da muke da raha da barkwanci da zolaya da shaguɓe da kakaci. Amma nasu duk a kan abin da mutum ya faɗa suke magana, ba wadda ta ce wane ne yake da ikon faɗa. Mu kuwa a wurinmu nan maganar take. Jika da kaka, taubashi da taubashiya, Bakano da Bazazzagi, ni da Babarbare. Ba mu muka zaɓa ba, a ciki aka haife mu. Maganar da Baba ya gaya mini, in Bakatsine ne ya faɗa, sai an raba mu.

Can na ci karo da sunan da masu nazarin al'adu suka ba abin, "joking relationship". Na yi murna na ce shi ke nan. Nas ta leƙo ta karanta, ta ce in goge. Ta ce a garin nan in ɗaliba ta rubuta da hannunta cewa akwai "relationship" tsakaninta da ma'aikaci namiji, ko wane iri ne, to mu biyu za a raka filin jirgi. A ƙarshe muka tsaya a kan "banter". Ƙamus ya nuna musayar tsokana ce tsakanin abokai, kowa yana ramawa, ba ƙiyayya. Bai cika ba, amma ya fi kusa. Na rubuta shafi biyu, na sa kalmar sau bakwai. Ranar Asabar na wuni ina maimaitawa a gaban madubi, ba abin da ya shiga cikina sai shayin madara da ake ce wa karak, wanda nas ta sayo mini a shagon ƙasa.

Ɗakin taron yana hawa na biyar, da sanyin esi mai shiga ƙashi. Mutum uku ne a gefe ɗaya na tebur: shugaban kwamiti, Balarabe ɗan ƙasa cikin farar jallabiya, da wata Ba'indiya daga sashen shari'a mai rubuta komai, da shugabarmu. Baba yana can ƙarshe cikin kaftaninsa na Juma'a da hula, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Ya rame a kwana biyar. Bai dube ni ba.

Aka ce in karanta.  Ina isa kan "banter" na farko na ga shugabar ta rufe ido. Da na gama ta nemi izinin magana. Ta ce ta san kalmar nan sarai. Tana 'yar shekara goma sha biyu 'yan ajinsu suke kiranta da wasu sunaye, ta kai ƙara, malami ya ce mata ai "banter" ne, ta koyi ɗaukar wasa. Ta ce a ƙasarsu bayan kalmar nan mai zagi yake ɓuya in an kama shi. Sannan ta ce kakannin kakanninta ba da wasa aka sayar da su ba, a jirgin ruwa aka loda su, kuma ba ta ma san daga wace ƙasa ba, mai yiwuwa daga tamu. Ba ta ɗaga murya ba. Na dubi shafukan nan biyu da ke hannuna, ga kalmar da na dogara da ita har sau bakwai, na ji kamar in yaga su.

Shugaban kwamiti ya gyara zama ya ce su ma a nan akwai ƙabilun da ke tsokanar juna, ya san da wannan. Amma kalmar bawa in aka jefi baƙin mutum da ita a Larabci, to ba a tashi lafiya. Ya juya wurin Baba ya yi masa tambaya ɗaya: ita ma tana gaya maka haka?

Tambayar da nake jira ke nan, don ita ce za ta fitar da shi. Amma kafin Baba ya amsa, Ba'indiyar ta ɗaga kai ta ce ya kamata a sani cewa dokar ta shafi ɗalibai ma, kuma tana iya tsayar da tallafin karatun mutum. Baba ya dubi alƙalaminta. Sannan ya ce a'a, yarinyar tana da ladabi, ba ta taɓa gaya masa magana marar daɗi ba, laifin nasa ne shi kaɗai.

Zuciyar nan tawa da ta jefa shi cikin ramin ita ce ta sake tasowa. Ban san lokacin da na miƙe ba, kuma Hausa ce ta fara fita.

"Ƙarya kake yi, Baba. Tsohon bawa mai ƙarnin kifi, yau ni za ka rufa wa asiri?"

Sannan na juya na faɗa musu da Turanci, kalma bayan kalma, don Ba'indiyar ta samu ta rubuta. Na ce bawana ne, haka nake kiransa kullum, ni na ma fi shi yawan faɗa. Na ce in kora ce a haɗa da ni. Na san karatuna ne a bakin rami, kuma tsoro nake ji ba ɗan kaɗan ba.

Tunda takardar ba ta da sauran amfani, sai na ajiye ta na yi magana. Na ce wa shugabar ba zan ce mata a ƙasarmu ba a yi bauta ba. An yi, kakannina ma sun mallaki bayi. Har yau a garinmu an san gidajen da kakanninsu bayi ne na gaske, kuma ba mai hankalin da zai kira ɗansu bawa ko da wasa, don wannan zagi ne da ba ya wankuwa. Wanda kawai ake gaya wa shi ne wanda kowa ya san ba haka ba ne, wanda kuke daidai da shi tun asali. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da na ji shi yana fita daga bakina.

Na kuma ba su labarin rasuwar mahaifina, a ƙarshen shekarata ta farko. An yi masa sutura kafin in ma sami tikiti. Kwana uku ina zaune a falonmu na Al-Sadd mutane suna zuwa gaisuwa, hawaye ya ƙi zuwa. Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sai ya ce Allah ya ji ƙansa, amma dai tsohon ya yi laifi, ya tafi bai nemi izinin ubangidansa ba. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na yi kukan da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce musu duk Doha ba wanda yake da ikon faɗar wannan magana a ranar sai shi. Na ce kwana biyu na yi ina neman sunan wannan abu a Turanci ban samu ba.

 Shugabar ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta yarda da ni. Ta ce amma a lab akwai ɗan Sudan, akwai 'yar Kenya mai goge-goge, kuma su ba a haife su cikin wannan abin ba, abin da kunnenta ya ji shi nasu zai ji. Gaskiya ta faɗa. Ba'indiyar ta juyo da fom ɗin ta nuna wa shugaban kwamiti. Gurbi uku ne a jiki, dole a zaɓi ɗaya: cin zarafi, ko wasan da bai dace ba, ko ba laifi. Aka ce mu fita mu jira.

Minti ashirin muka yi a baranda, kujera biyu tsakaninmu. Baba yana jan carbi.  Ta taga ana ganin titi fayau, rana ta kori kowa sai motoci.

Na tsakiya suka zaɓa. Baba zai koma aiki washegari da takardar gargaɗi ta ƙarshe, ni da ta farko. Mu biyu za mu sa hannu cewa ba za mu sake irin wannan magana a harabar wurin ba, da kowane harshe. Kuma tunda shi aka kai ƙara, sai ya ba ni haƙuri a gaban kwamiti, a rubuta cewa ya bayar. Shugaban ya dubi agogo ya ce yalla, khalas, a yi a gama.

Baba ya miƙe tsaye ya gyara hularsa. Ya dube ni a karo na farko tun ranar Talata, ya ce da Turanci, a hankali, yana neman afuwata bisa kalmomin da ya gaya mini, bai kyauta ba, ba zai sake ba. Babarbare, sa'an ubana, yana ba Bafulatana haƙuri a kan wasa. Da kakata tana raye aka gaya mata, cewa za ta yi duniya ta zo ƙarshe. Aka ce sai na amsa don a rubuta. Na ce na haƙura. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aikinsa ya tsira, kuma shi ne abin da na shiga ɗakin nan nema. Na gode wa Allah, har yanzu ina godewa. Jakunkunan nan biyu ya ba wani ɗan ɗakinsu da zai tafi hutu gida. Iyalinsa ba su taɓa jin labarin ba.

Ranar Litinin na zo da wuri. Ya riga ni, yana jera kwalabe a inda na fara ganinsa. Ya gaishe ni da Turanci, ya tambaye ni ko akwai abin da nake buƙata daga sito. Na ce babu. Haka muka yi mako, muka yi wata. Bai rage ni da komai ba, shi ya ma gano abin da ya gurɓata ƙwayoyina, wata roba ce ta tsage a ƙofar na'urar, ya canza ta da hannunsa. Ladabi kawai yake mini, irin wanda ake yi wa baƙo.

Wata Alhamis da la'asar na same shi a tashar bas, can tsallaken titi, nesa da harabar da muka sa hannu a kanta. Mu biyu ne kawai a cikin rumfar gilashin. Na daɗe ina juya maganar a bakina, sannan na sake ta.

"Bawana, yau ko gaisuwa babu? Ko kifin ne ya ƙare?"

Na ga bakinsa ya motsa. Amsar ta zo har kan leɓe, na ma san ta kafin ya faɗa, wata magana ce a kan shanu da siraran ƙafafu. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗaga kai ya dubi 'yar kyamarar da ke maƙale a kusurwar rumfar.

"Lafiya lau, Malama. Ya karatu?"

Motar Mesaimeer ta zo, ya hau. Na tsaya ina jiran tawa.